Ladabin da Ke Karya Wuya

Ku da kuke zuwa wurina yanzu da takardar kwas ɗin ƙarshen mako a aljihu, kuna cewa ku ma kun zama masu horar da 'yan wasa, ku samu waje ku zauna. A ganinku sana'ar nan ba ta wuce mutum ya rataya usur a wuya, ya sa riga mai matse damtse, ya riƙa yi wa 'ya'yan mutane ihu ba. In da haka ne, da kowane kwandastan tasha ya fi ni ƙwarewa. Ni Haladu, na yi furfura ina horar da masu son buga ƙwallon Amurka a Ingila, wato wasan nan da ake sa hular kwano da matashi a kafaɗa, a rugo a yi karo kamar raguna. A ƙasar da kowa ke haukan tamaula, ni Allah Ya ɗora abincina a kan wasan da ko maƙwabcina bai san ana yin sa a garin ba.

Karatun ilimin ƙasar noma ne ya kawo ni Manchester, kuma har yau ban shuka ko tumatir a ƙasar nan ba. Aikin da na fara samu shi ne goge daɓe a ɗakin motsa jiki na council, wato hukumar gari, a unguwar Moss Side. Can ƙasan ginin akwai wani ɗaki mai warin roba da gumi, inda wani tsoho ɗan Jamaika, Mista Winston, yake horar da 'yan ƙwallon Amurka. Gajere ne, faɗin wuyansa da na kansa ɗaya. Ranar da na ce ina so in koya, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Burushin waya ya miƙo mini, ya nuna sandunan ƙarfen da ake ɗaga nauyi da su, ya ce in kankare tsatsa. Da na gama sai ya ba ni wani ɗan benci, ya ce in zauna in kalli ƙafafun mutane, kada in kuskura in buɗe baki. Sanyi ya wuce, zafi ya zo ya wuce, ina zaune ina kallon diddige sai ka ce mai gyaran takalmi. In yaro ya gama ɗaga ƙarfe, tsohon sai ya juyo ya tambaye ni me na gani. In na ce yaron yana da ƙarfi, sai ya ce shi bai tambayi ra'ayina ba, abin da na gani yake so. A haka na koyi ganin diddigen da ke tashi daga ƙasa, da gwiwar da ke faɗawa ciki, da ƙafar da mai ita yake lallaɓawa don ba ya so a san tana ciwo.

Wani saurayi ya taɓa zuwa mana, ƙirji ya cika ƙofa, damtse yana neman yaga hannun riga, ƙafafu kuwa na balbela. Ya daɗe yana ɗaga ƙarfe a gaban madubi, kuma madubin daga ƙugu zuwa sama yake nunawa. Mista Winston ya sa shi ya tura sled, wato wani ƙarfe marar taya da ake loda wa nauyi a tura shi a ƙasa. Bai kai rabin ɗakin ba ya nemi bokitin amai. Irinsa sun fi yawa a cikin masu zuwa. Sauran kuma masu zagaye park ne, wato filin shaƙatawa, kullum su yi ta sassarfa har su jiƙe, sannan su zo suna mamakin abin da ya hana su sauri. To ku ji da kyau, wasan nan ba gudun famfalaki ba ne. Ana tashi fit, a yi karo, kafin ƙiftawar ido an gama, kowa ya tsaya ya huta, a sake. Mai son sauri sai ya yi gudu gajere da iyakar ƙarfinsa, ya huta har numfashi ya dawo daidai, sannan ya ƙara. In ya riƙa gudu da gajiya, tafiyar hawainiya yake koya wa jikinsa, kuma jiki ba ya mantuwa. Taku na farko ma ilimi ne: a fita ƙasa-ƙasa ana tura ƙasa baya, ba a miƙe tsaye kamar an kira sunan mutum a aji ba. Ƙarfi kuwa a cinya da ɗuwawu da gadon baya yake zaune, ba a taɓa ture ƙato da damtse ba. Sai barci da abinci na kirki, su kuma ba wanda yake so ya ji zancensu, saboda ba a sayar da su a gwangwani.

Tsugunno da ƙarfe a kafaɗa shi ne uwar horon duka, kuma a nan ne na fara yin daraja. 'Ya'yan ƙasar nan a kan kujera suka tashi, a kan kujera suke komai. Ka ce wa ƙato ya tsuguna, sai diddigensa ya tashi, ya tafi da baya yana neman abin dafawa. Wata rana tsohon ya gaji da bayani ya ce in nuna musu. Na sauka har ƙasa, tafin ƙafa a shimfiɗe, baya a miƙe, na zauna abina kamar na je gaida kakata. Suka zagaye ni suna tambayar wane koci ne ya koya mini. Na ce mace ce, tana can gida, kuma da muciya take gyara kuskure.

Abu ɗaya ne Mista Winston ba ya wasa da shi, wato wuya. Yana da wata hular fata mai sarƙa, a sa ta a ka, a rataya mata faifan ƙarfe, a riƙa ɗaga kai a hankali. Wanda bai yi ta ba, ba zai taɓa sauran kayan ba. Dokarsa ta farko a karo kuma ita ce kai sama, ido a kan wanda za ka kayar, kafaɗa ce ke duka. In ka sunkuya har tsakiyar kanka ta riga kafaɗarka isa, nauyin mutum biyu zai sauka a kan ƙashin wuyanka. Tsohon ya taɓa ganin wanda aka fitar daga fili a kan katako, bai ƙara taka ƙasa da ƙafarsa ba. Sau ɗaya ya ba ni labarin, bai sake ba.

Sai muguwar shekara ta zo. Gwamnati ta tsuke bakin aljihu, council ta bi wurare irin namu tana rufewa, da laburare, da wurin ninƙaya. Wata Litinin muka zo muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Daga baya wasu mutane suka zo da babbar mota suka kwashi sandunan da na kankare da hannuna, suna jefa su kamar itacen girki. Na ji haushi ƙwarai, kuma har yau in na tuna ina ji. Mista Winston ya ce shi gwiwoyinsa dama sun daɗe suna neman uzuri, ya ajiye aiki. Hular fatar nan kawai ya fitar a cikin rigarsa, ya danƙa mini. Yaranmu suka watse, wasu nakan gan su a tashar bas da rana tsaka, ba su jiran bas ɗin komai. Na tattara na koma Birmingham, wani abokina ya ba ni ɗaki a unguwar Lozells, na kama gadin kanti. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Park ya zama ɗakin horo, tsofaffin tayoyin da wani bakanike ya rasa inda zai zubar suka zama ƙarafa, motata kuma, da dama ba ta tashi sai an tura, ta zama sled. Ina zaune a ciki ina riƙe da sitiyari, ƙattai suna turawa, kuma su ne suke yi mini godiya.

A park ɗin nan Bitrus ya same ni. Iyayensa mutanen Filato ne, an kawo shi ƙasar nan yana gab da gama sakandare, a lokacin kuma yana jami'a can unguwar Edgbaston. Ya ji na yi wa wani tsawa da Hausa, sai ya zo ya tsuguna har ƙasa a cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa ya ce, "Kawu, ina wuni." Na dubi tsugunnon nan, diddige a ƙasa, baya sambal, na ce a raina yau Allah Ya kawo mini kaya. Burinsa ya shiga ƙungiyar manya ta garin a matsayin mai tare wanda ya ɗauko ƙwallo ya kayar da shi. Ƙungiyar ba ta 'yan makaranta ba ce. Masu gyaran famfo ne, da masu gadin ƙofar kulob, da direbobi, wasu da furfura a gemu, kuma kaɗan daga cikinsu sukan zo park su yi horo a wurina. Horo ya karɓi Bitrus. Ya tura motata har sai da na taka birki. In ya tashi da gudu sai ka ji ƙasa tana amsawa.

Da aka fara gwaji da ƙungiyar sai matsala ta fito. Sau da yawa in zai yi karo, a taku na ƙarshe sai kansa ya faɗi. Wata Asabar ya sunkuya ya haɗu da cinyar wani ƙato, hannunsa na dama ya mutu na ɗan lokaci, yana lilo kamar ba nasa ba. Hannun ya dawo daidai, amma kocin ƙungiyar, wani Bature mai jar fuska, ya ja ni gefe ya faɗa mini ba ɓoye-ɓoye. An kusa rufe zaɓen 'yan wasa, in yaron ya ƙara sunkuyar da kai ko sau ɗaya, ya tafi gida, don shi ba zai je asibiti ya tsaya yana yi wa uwar wani bayani ba. Gaskiya ya faɗa. Bitrus kuwa da ya ji sai da idonsa ya kawo ruwa, domin tun da ya zo ƙasar nan wannan ne abu na farko da ya zaɓa da kansa.

Ba dabarar da ban gwada ba. Na rubuta lamba da alli a kan matashin karo, wato 'yar katifar nan da ake riƙewa a ƙirji a daka, na ce ya karanta mini ita da ƙarfi kafin ya iso. Na ɗaga yatsu na ce ya ƙirga. Na yi ihu har muryata ta dishe. Yau ya yi daidai, gobe in na riƙe matashin da kaina, kai ya faɗi. Na so in ce tsoro ne, amma yaron da ke nannaɗe wanda ya fi shi jiki ba matsoraci ba ne. Sai na koma wa bencin Mista Winston, wato na rufe bakina na zauna a kan taya ina kallo. Na ga wani ƙato sa'ansa ya taho, Bitrus ya dube shi tsaf ya kwantar da shi. Na ga wani siririn direba mai furfura ya taho, wanda ko iska za ta iya kayarwa, sai kan Bitrus ya sunkuya. Ruwa ba ya tsami banza. Da aka tashi babansa ya zo ɗaukarsa, da rigar direban bas a jikinsa. Tun daga nesa yaron ya cire hular kwano, ya rage tsawo, ya kafa idonsa a kan takalmin uban, har suka shiga mota bai ɗago ba. A nan na gane ba tsoro nake yaƙi da shi ba. Tarbiyya ce, kuma mai kyau, kuma tana neman karya masa wuya.

Zuwa da kai ya fi saƙo. Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci na je gidansu, ɗaya daga cikin gidajen nan na Lozells da ke manne da juna. Mahaifinsa, Baba Ishaya, hedimasta ne a gida kafin ya zo nan ya kama tuƙin bas, kuma dattijo ne a cocinsu. Ko gaisuwa yake amsawa sai ka ji kamar yanzu za a duba farcenka. Matarsa, Mama Saratu, ta kawo gwaten acca, na ci na ƙara don in samu ƙarfin magana. Bitrus yana tsugune a bakin ƙofa. Na yi bayani dalla-dalla, na ƙare da roƙo ɗaya: Baba ya zo park ya riƙe matashi, ɗansa ya dube shi cikin ido ya kayar da shi. In ya iya da ubansa, babu furfurar da za ta ƙara sunkuyar da shi.

Baba ya ajiye cokali. "Malam Haladu, bari in gane. Ka shigo gidana, ka ci gwatena, yanzu kana so in koya wa ɗana ya zuba mini ido, sannan ya doke ni?"

"Da kafaɗa, Baba. Kuma akwai katifa a baya."

"Kullum a bas ina ganin 'ya'yan da ke kallon manya cikin ido. Jiya wani da bai kai ƙuguna ba ya ce mini mate, wai abokinsa. Ni na sha wahala a kan yaron nan. In wasan ba ya yiwuwa sai da rashin kunya, simple, ya bar wasan ya kama karatunsa."

Na waiwayi Bitrus. Ɗigon hawaye kawai na gani a kan kafet. Sai Mama Saratu, wadda take aikin kula da marasa lafiya a babban asibiti, ta ajiye tiren da ke hannunta.

"Baban Bitrus, in ka hana shi zai bari, na sani, ba ya ƙetare maganarka. Amma tun da ya fara wasan nan nake jin sa yana waƙa a kicin. Kafin nan yaushe rabonka da jin muryarsa a gidan nan? Ni dai ya yi. Kuma in zai yi, da kai a sama zai yi. A ɗakin majinyatanmu ni nake juya waɗanda wuyansu ya karye, ni nake ba su abinci a baki. Duk cikinsu babu mai ɗaga wa kowa kai yanzu."

Baba ya ɗauki cokalinsa ya ci gaba da shan gwate. Har na yi sallama bai ce zai zo ba.

Asabar ta ƙarshe kafin a rufe zaɓen, ana yayyafi, sai ga Baba Ishaya ya doso park da kwat ɗinsa ta zuwa coci da laima, Mama tana biye. Ya miƙa mata laimar ya ce mini, "Ina abin?" Na ba shi matashin, na nuna masa yadda zai tsaya, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, na shimfiɗa tsohuwar katifar da muke faɗawa a kai a bayansa. Na kawo hular kwano zan sa masa, ya ce shi ba ɗan acaɓa ba ne. Sai na ce Bitrus ma ya cire tasa, dama kafaɗa ce ke aiki, kuma ina so in ga inda idonsa yake.

Na busa usur. Bitrus ya taso da gudu, ya zo gab, ya ci birki, ya dafa matashin da hannu biyu kamar mai shafa jariri, kai a ƙasa, ya ce, "Yi haƙuri, Baba." Aka sake, haka. Sauran ƙattan suna dariya ƙasa-ƙasa. Ni kam na fara tunanin yadda zan lallashe shi ya koma wasan dara. Sai Baba ya gyara tsayuwa, tsohon hedimastan ya farka, ya daka tsawar da na tabbata har Edgbaston an ji.

"Bitrus!"

"Na'am, Baba."

"Tun da aka haife ka, na taɓa ba ka umarni ka ƙi?"

"A'a, Baba."

"To dube ni. Nan, cikin idona. In ka sauke kafin ka iso, ka raina ni. Come on!"

Abin da na kasa da alli da ihu, tsohon ya gama shi nan take, don ya mayar da ɗaga kai ya zama biyayya. Yaron ya koma inda ake tashi, ya ɗago. Ban ma kai ga busa usur ba. Ya taso ƙasa-ƙasa, baya a miƙe, wuya a tsaye, ido cikin ido, ya sa kafaɗa a tsakiyar matashin ya tura da cinya. Da Mista Winston yana wurin da ya cire hula. Irin dukan da ya sama wa Bitrus gurbi a ƙungiyar ke nan, ya kuma yi shekaru yana wasa da wuyansa lafiya, amma Baba ne ya fara ɗanɗanawa. Katifar ma ba ta samu rabonta ba. Baba Ishaya ya tsallake ta gaba ɗaya, ya sauka da bayansa a cikin taɓo, takalmi ɗaya ya yi nasa wuri.

Mama ta ce, "Yesu!" Muka ruga. Baba yana kwance yana kallon sama, yayyafi yana zuba a fuskarsa, yana laluben numfashin da ya gudu. Bitrus ya durƙusa kusa da shi, kai ya koma ƙasa kamar kullum.

Da numfashin ya dawo, Baba ya ce, "Malam Haladu, kan a sama yake?"

"A sama yake, Baba."

Ya miƙa hannunsa mai taɓo, ya kama haɓar ɗansa ya ɗago ta, ya daɗe yana kallo. Sannan ya juya wajen matarsa.

"Maman Bitrus, ke kin san idon mahaifiyata ne da yaron nan?"

"Tun ranar da na haife shi," in ji ta. "Kai ne ba ka taɓa bari ya nuna maka ba. Tashi, ka ɓata kwat."